Batirin Motar Gida Ma Yana Cikin Kayan Haihuwa

Na san wata tana ganin kan maganar wannan watan za ta ce, to ita kuma Malama yau makanikanci ta koma? Ina ruwan mace da batirin mota, ita da ko bonet ba ta taɓa ɗagawa ba? Ki yi haƙuri ki biyo ni, domin ruwanmu ne, har ma ya fi na mazan.

Idan mace ta shiga watan haihuwarta, babu abin da ba ma tanada. Zannuwa, sabulu, audugar mata, kayan jariri, katin awo, itacen wankan jego, har geron kunun kanwa an surfa an ajiye. Amma motar da za ta kai ta asibiti idan naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, ba wanda ya tambaya ko za ta tashi. Masana lafiyar mata suna lissafa jinkiri uku da ke jawo mutuwar mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na tsakiyar nan shi ne maganar mota da hanya. Zubar jini bayan haihuwa na iya ɗauke mace cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba, ki auna wannan da nisan wasu ƙauyukan Guri ko Kirikasamma ko Auyo zuwa babban asibitin Haɗeja. Saboda wannan matsala ce gwamnatin Jigawa ta taɓa fito da shirin Haihuwa Lafiya, aka ba ƙauyuka motocin kai masu naƙuda asibiti. A unguwanni da yawa kuwa har yau motar gida ɗaya ce motar kowa, ita ake bugawa ƙofa idan yaro ya fara jijjiga saboda zazzaɓi, ko maciji ya sari manomi a fadama, ko hawan jini ya kayar da tsoho. Ke da Allah ya ba gidanku mota, amanar maƙwabta ma tana wuyanku ko ba a faɗa ba. Kuma a makaranta muna karantar da yara cewa tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Bari mu fara da sanin shi kansa batirin. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irinsa a shekarar 1859, kuma har yau tsarin bai canza sosai ba. A cikin akwatin nan na roba akwai ɗakuna shida, kowane ɗaki da faranta na dalma jere a cikin ruwa mai asid. Kowane ɗaki yana ba da wuta bolt biyu da ɗoriya, in an haɗa shidan sai a samu bolt 12.6 idan batirin a cike yake. Babban aikinsa na 'yan daƙiƙoƙi ne, wato ya juya kik har inji ya kama. Da zarar inji ya tashi sai wata na'ura da ake kira altaneta ta karɓi aikin, ita ke ba fitilu da rediyo da na'urar sanyaya mota wuta, ita ce kuma ke mayar wa batiri abin da aka ɗiba. Ki ɗauke shi kamar randar tsakar gida. Duk tayar da mota ɗaya, an ɗebi ruwa da babban bokiti. Tafiya kuwa ana mayarwa ne da moɗa. Motar da aikinta kai yara makaranta a dawo, a leƙa kasuwa a dawo, ana kashewa ana tayarwa sau takwas a yini, ba ta yin tafiyar da za ta cika randar nan. Kullum ƙasa take yi, har ranar da za a zura bokiti a ji ya bugi gindi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne barin batiri a sauke. Yayin da wutarsa ke raguwa, wani farin abu yana kwanciya a jikin farantan dalmar. Idan an yi caji da wuri sai ya narke ya koma cikin ruwan. Idan aka bar shi makonni sai ya daskare, kamar ƙanzon da ya kwana uku a tukunya ba a jiƙa ba, daga nan ko an kai caji ba ya riƙe wuta kamar da. Shi ya sa za ki ji maigida yana cewa jiya-jiya aka yi masa caji amma yau ya sake sauka. Ba mai cajin ne ya cuce shi ba, batirin ne ya riga ya yi ƙanzo.

Mu nan ƙasar Haɗeja babban abokin gabar batiri shi ne zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana haura maki 40, a ƙarƙashin bonet kuwa ya fi haka nesa. Zafi yana ƙafar da ruwan da ke cikin ɗakunan, yana kuma gaggauta cin farantan. Batirin da zai yi shekara huɗu ko biyar a ƙasashen sanyi, a nan idan ya yi biyu zuwa uku ya yi ƙoƙari. Mutane suna ɗora wa hunturu laifi saboda da sanyin asubar Disamba da Janairu ne motoci suka fi ƙin tashi, lokacin da baƙin mai ya yi kauri kuma ƙarfin batiri ya ragu. Amma ɓarnar tun bazara aka yi ta, hunturu tona asiri kawai ya yi. Don haka ajiye mota a inuwar darbejiya ko ƙarƙashin rumfa, ko da ta zana ce, ba gata ba ne, tattali ne.

Sai kuma ajiyar mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, magidanta da yawa sun jingine motocinsu sun koma babur, ba a fito da mota sai ranar Juma'a ko biki ko ta'aziyya. Wasu kuma maigida yana aiki a Dutse ko Abuja, ko ya tafi fatauci, ko ya tafi aikin Hajji ya bar ta lulluɓe da tamfol sama da wata guda. Motar da ke tsaye ba barci take yi gaba ɗaya ba. Agogonta, ƙwaƙwalwar rediyo, na'urar ƙararrawar ɓarayi, duk suna tsotsar wuta kaɗan-kaɗan dare da rana, shi kansa batirin ma yana zubar da wutarsa da kansa, kuma ya fi yin haka a lokacin zafi. Mako uku ko huɗu sun isa a zo a murɗa makulli a ji shiru, musamman idan batirin ya kwana biyu. Maganin a nan shi ne a fita da ita a yi tafiyar kamar rabin awa a kan titi sau ɗaya a mako, a je Malam Madori a gaida dangi a dawo, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Idan ba mai tuƙa ta, a sa wanda ya iya ya kwance kan batirin mai alamar ɗebewa, wato baƙin, a ajiye wayar gefe yadda ba za ta taɓa shi ba. Abin da ake yi a gidaje da yawa na tayar da ita kowace safiya a bar ta minti biyar a kashe, da sunan ɗumama inji, ya fi zama ɗiba fiye da zubawa. Ina kuma jan kunne, kada a bar mota tana aiki a cikin rufaffen gareji ko zauren da ke manne da ɗakin kwana. Hayaƙin salansa yana ɗauke da irin gubar nan mara wari da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ke kashe iyali guda suna barci.

Yanzu ga namu kason, mu mata da 'ya'yanmu, kuma a nan ba zan yi mana kara ba. Wa ke ba yara makulli su je su saka waya a caji idan an ɗauke wuta? Wa ke zama cikin mota a ƙofar gidan biki, an kunna rediyo da fanka ana jiran sauran mata su fito, inji a kashe? Lokacin da Arewa ta shiga duhu na kwanaki a watan Oktoba na 2024, motoci da yawa sun koma shagon cajin waya. Waya ɗaya ba ta cin wuta mai yawa, amma da zarar an murɗa makulli, abubuwa da dama a cikin motar suna farkawa tare da ita. Ga ƙofar da yaro bai rufe da kyau ba, 'yar fitilar ciki ta kwana a kunne. Ga but da aka kwaso cefane aka bar shi a ɗage. Ke ce ke gida lokacin da maigida ya shigo a gajiye ya wuce ɗaki, saboda haka bayan sallar Isha'i idan za ki rufe ƙofa, ɗan leƙa motar ki ga ko akwai wani haske a ciki ko a bayanta. Makulli kuma a samar masa wuri ɗaya da hannun yara ba ya kaiwa, wanda duk babban da ke gidan ya sani, don kada ranar gaggawa a tsaya zazzage aljihun riguna.

Batiri ba ya cika mutuwa farat ɗaya, yakan yi sallama tukuna, kuma kunnen uwargida ya fi na kowa jin sallamar. Ke da kike jin tashin motar nan kowace safiya daga kicin, kin san muryarta. Ranar da kika ji ta ja da nauyi kamar mai ciwon ƙirji kafin ta kama, alama ce. Fitilu su dushe lokacin da ake murɗa makulli, ko hon ya shaƙe, alama ce. Idan aka murɗa aka ji ƙas-ƙas-ƙas inji bai juya ba, wutar ta yi ƙasa sosai ko kan batirin ya saki. Idan gefen akwatin ya kumbura, ko ana jin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, wannan ya wuce jira, a kai shi wurin mai wayarin a ranar, kada a yi masa caji a gida. Akwai kuma 'yar jar fitila mai hoton batiri a gaban direba. Idan ta kama alhali mota tana tafiya, yawanci ba batirin take ƙara ba, tana cewa ne altaneta ta daina zuba wuta, ko bel ɗinta ya saki ko ya tsinke. Mutane da yawa sun sayi sabon batiri a kan wannan, bayan kwana biyu shi ma ya sauka.

Yadda za ki isar da maganar ma abin lura ne, domin namiji ba ya son a nuna masa an fi shi sanin motarsa. Ba sai kin ce batirinka ya mutu ba. Ki bari ya ci abinci ya huta ki ce, "Alhaji, yau na ji motar nan ta ɗan ja kafin ta tashi, ga shi watan haihuwar amaryar maƙwabtanmu ya kama, ko za a biya wurin mai wayarin ya auna?" Aunawar ba ta cin minti biyar. Da 'yar mitarsa zai taɓa kawunan biyu. Idan mota ta kwana a kashe aka ga 12.6 ko kusa da haka, a cike yake. Idan 12.2 ne, rabi ya tafi. Idan ya gaza 12, ya sauka, sai caji. Sannan a tayar da inji a sake aunawa, ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.7, shaidar altaneta tana aikinta. Ki rubuta waɗannan lambobi a bayan katin awo ko bangon littafin yara, ba su da wuyar riƙewa.

Duba na wata-wata kuwa ko ke ko babban ɗanki za ku iya, in maigida ya yarda. Sai dai kafin ki kusanci bonet, inji ya kasance a kashe kuma ya huce, ki cire awarwaro da zobe da agogon ƙarfe. Ƙarfe idan ya haɗa jan kan batiri da jikin mota, nan take yake yin ja ya ƙone fata har nama. Hijabi da mayafi kuma a tattare su a ɗaure, kada a taɓa sunkuyawa da su a kan injin da ke aiki, domin fanka da bel ba su san kunya ba. Ki duba ko batirin a ɗaure yake da ƙarfensa, saboda girgizar hanyoyinmu na ƙauye tana karya farantan ciki. Ki taɓa kawunan ki ji ko suna motsi. Idan kin ga wani gari fari ko shuɗi-shuɗi ya taru a kansu, shi ne ke toshe wa wuta hanya, kuma maganinsa yana kicin ɗinki. A kwance baƙin kan tukuna, sannan jan. A jiƙa 'yar kanwa a ruwan ɗumi, a goge da tsohon buroshin haƙori, za ki ga yana kumfa saboda kanwa tana kashe kaifin asid. A kula kada ruwan kanwar ya shiga cikin ɗakunan batirin, domin can ma kashe asid ɗin zai yi. A ɗauraye, a tsane da tsumma, a mayar da jan tukuna sannan baƙin, a ɗaure tamau, a shafa ɗan basilin a sama. Buroshin da tsumman kuma a jefar da su inda yara ba za su tsinta ba.

Batura iri biyu ne a kasuwa. Akwai rufaffe wanda ba a ƙara masa ruwa, sau da yawa yana da ɗan ido na gilashi da ke nuna launi, bayanin launukan yana rubuce a jikinsa. Akwai kuma mai marafai shida da ake buɗewa. Shi wannan a lokacin bazara a riƙa duba shi duk wata, ruwan ya rufe farantan, ya tsaya tsakanin layuka biyun da ke jikin akwatin. A nan ne ake yin babban kuskure, saboda abu biyu ne muke kira ruwan batir. Akwai asid ɗin kansa, akwai kuma tataccen ruwan da aka samo daga tururi, wanda babu gishirin komai a cikinsa. Abin da zafi ke ƙafarwa ruwa ne, asid ɗin yana nan bai je ko'ina ba, don haka tataccen ruwan kaɗai ake ƙarawa. Ƙara asid yana cinye farantan. Ruwan rijiya da na burtsatse da na leda duk suna da gishirin ƙasa da ke lalata batiri, komai haskensu a ido.

To idan abin ya riga ya faru, dare ya yi, ga mara lafiya, mota ta ƙi tashi fa? Da farko kada a yi ta murɗa makulli ba ƙaƙƙautawa, daƙiƙa goma ta isa, a huta kamar minti ɗaya kafin a sake. A kashe fitilu da rediyo da fanka. A haska da tocila ko fitilar waya a duba kawunan batirin, sau da yawa saki kawai suka yi, ana ɗaurewa sai ta tashi. Ban ce ashana ba, ban ce kyandir ko aci-balbal ba, kuma mai sigari ya matsa nesa, domin batiri yana fitar da wata iska mai kama wuta da ke iya fasa shi ya watsa wa mutum asid a fuska.

Idan akwai wata motar kusa, sai a ba ta wuta da wayoyin nan biyu masu baki kamar na kada, ja da baƙa. Kowace motar gida ta cancanci a ajiye mata su a but tare da sifana mai lamba 10 da tocila. Motar da za ta taimaka ta kasance ƙarama mai bolt 12 irin taku, ba tifa ko tirela ba, waɗanda yawancinsu 24 ne. A matso da ita kusa amma kada jikinsu ya haɗu, a kashe duka biyun. A maƙala jar waya a kan mataccen batiri mai alamar tarawa, ɗaya bakin nata a kan mai alamar tarawa na lafiyayyen. Sannan baƙar waya a kan mai alamar ɗebewa na lafiyayyen, bakinta na ƙarshe kuma a maƙala shi a wani ƙarfe mara fenti a jikin injin motar da ta mutu, nesa kaɗan da batirin, saboda tartsatsin da kan fito a haɗin ƙarshe kada ya tashi a bakin iskar nan. A tayar da lafiyayyar a bar ta kamar minti biyar, sannan a gwada ɗayar. In ta tashi a cire wayoyin daga na ƙarshe zuwa na farko, kada bakunansu su taɓa juna. Juya ja da baƙa kuskure ne mai tsada, yana iya ƙona altaneta da ƙwaƙwalwar mota, don haka a haska a ga alamar da ido, kada a yi cinta.

Turi kuwa na motar da ake sa wa giya da hannu ne kawai. A murɗa makulli fitilun gaba su kama, a taka kuloci, a sa giya ta biyu, matasa su tura, idan ta ɗauki gudu a saki kulocin, tana kamawa a sake taka shi. Mai canza giya da kanta ba ta tashi da turi ko da duk samarin unguwa aka tara. Haka nan idan batirin ya mutu murus har fitilun gaban direba ba sa kamawa, motocin yanzu ba su cika tashi da turi ba, tunda famfon mai da ƙwaƙwalwar suna buƙatar wuta. Akwai wata dabara da ta zama ruwan dare, a ɗora batirin aro a tayar da mota, sannan a cire shi inji yana aiki a mayar da mataccen. Tsofaffin motoci sun jure wa wannan, na yanzu masu kwamfuta kuwa wutar da ke yin tsalle a wannan lokacin tana iya lalata abin da ya ninka kuɗin batiri sau da yawa.

Ga abin da na fi so ki riƙe a wannan gaɓa. Idan mai naƙuda ce ko mai zubar jini, an gwada sau biyu ko uku mota ba ta tashi ba, a bar ta. Maza suna da wata ɗabi'a, in suka sa kai a bonet sai su manta da agogo. Ke ce za ki ce a nemi wata motar ko Keke Napep yanzu-yanzu. Tun cikin yana wata bakwai ya kamata lambar direbobi biyu ko uku na unguwa su kasance a wayarki da ta maigida, kuma an riga an yi magana da su. Motar da aka tayar da wutar aro kuma kada a kashe ta a hanya, kashegari a kai batirin caji. Cajin hankali na kwana guda ya fi na gaggawa na awa ɗaya, wanda ke dafa batiri.

Damina tana da nata hukuncin a wannan kwari namu. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, lokacin da matasan Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da ƙasa a bakin jinga, hanyoyi suka yanke, ya san ruwa ba ya jiran a shirya. Da an fara jin kogi ya cika a watan Agusta ko Satumba, a kai mota kan tudu tun hanya tana biyuwa. Idan ba hali, a cire batirin a ɗora shi a wuri mai tsayi, a tsaye, ba a kwance ba. Motar da ruwa ya shiga kuwa, ko ya janye kada a murɗa mata makulli don a gwada. Idan ruwa ya shiga cikin inji, juyi ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarafan ciki, ga wayoyi a jiƙe. A kwance batirin, a kira makanike ya duba tukuna.

Wajen sayen sabo, a sayi daidai girman da motar ta zo da shi, lambar tana jikin tsohon, irin su 45Ah ko 62Ah ko 75Ah. A tambayi watan da aka ƙera shi, domin wanda ya shekara a shago cikin zafi ya fara tsufa tun ba a ɗaura shi ba. A karɓi rasit da takardar garanti, ke kuma ki adana su inda kike ajiye takardun haihuwar yara, ki rubuta ranar da aka saya. Akwai masu wanke tsohon batiri su sake masa ruwa su manna sabuwar takarda su sayar a matsayin sabo. Wannan algus ne, haramun ne, ko da an saba da shi. Mai son ya riƙa kunna fitila da talabijin a gida kuma ya nemi batirin sola da aka yi domin hakan. Na mota an gina shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, idan ana zuƙe shi kullum har ƙasa ba ya daɗewa.

Saura tsohon da aka cire. Kada ya kwana a tsakar gida, kada ya zama kujerar yara ko abin danne marfin kaji. A ba mai shagon a rage kuɗin sabon, yawancinsu suna karɓa. Dalmar da ke cikinsa guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta har abada, tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan tayi. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalmar ɗaya ce. A wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Senegal, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma sana'ar unguwar ita ce fasa tsofaffin baturan mota, har mata suna tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidajensu don tsintar dalma su sayar. Mu da muke ƙasar masunta, inda ake buƙatar dalma don nauyin bakin birgi, idan akwai mai fasa batiri ko narka dalma a gidanku ko maƙwabta, a roƙe shi ya fitar da aikin nesa da inda yara ke rarrafe, kada a yi shi da tukunya ko murhun girki, ya kuma sauya tufafi ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro.

Ruwan asid ɗin kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kada a taɓa ajiye shi a robar lemo ko ta ruwan sha, domin fari ne tas kamar ruwa, yaro mai ƙishi ba zai bambance ba. Idan ya taɓa fata, a cire tufar da ya jiƙa a yi ta kwarara ruwa. Idan ido ne, a buɗe idon a yi ta zuba ruwa mai tsabta na aƙalla minti 20, sannan a wuce asibiti. Idan yaro ya sha, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai, domin abin da ya ƙone shi wajen shiga zai sake ƙone shi wajen fita, kada kuma a ɗura masa manja ko ruwan kanwa. A kuskure masa baki, a ɗauki robar da ya sha a tafi da ita asibiti tare da shi.